Hattara: Dage da Malam-Buɗe-Littafi Ba Mutuwa Ɗaya Suke Yi Ba

Halittu biyu suna ja da baya a dazuzzuka da gonakinmu, kuma ba a jin wanda ya ɗaga murya a kansu. Ɗaya dage ne, dabbar nan mai baƙin jiki da furfurar gadon baya, wadda masu amya suka tsana. Ɗayan kuma malam-buɗe-littafi ne, wanda yara ke bi da gudu a bayan gari. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Hannunmu ne ya haɗa su: kwalbar guba, famfon feshi, ashana da gatari. Amma hanyar da kowannensu yake bi ya ƙare daban take, kuma wanda bai gane wannan ba, ko da kyakkyawar niyya ya zo, yana iya ƙarasa abin da ya zo ceto. An yi haka a Ingila, ba sau ɗaya ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin da ya kamata ka yi wa naka.

Dage dabba ce mai shayarwa, gajere, mai faɗin baya da gajerun ƙafafu. Babban namiji da wuya ya wuce kilo 16, mace kuwa ba ta cika haura 10 ba. Fatar wuyansa ta kai kaurin milimita 6, ga ta sako-sako a jikinsa, shi ya sa idan kare ya cafke shi ta ƙeya sai ya juya a cikin fatar ya kama karen. Faratansa na gaba dogaye ne, na haƙa. Ba ya zaɓen abinci: ɓera, ƙadangare, kunama, ƙwan tsuntsu, tsutsar zuma, mushe, har maciji mai dafi. An ɗauki hoton wani a Kalahari da ya kashe kasa bayan ta sare shi, dafin ya kwantar da shi kamar ya mutu, bayan wani lokaci ya farka ya ci gaba da cin abinsa. Ana samunsa daga Maroko har Afirka ta Kudu, da ƙasashen Larabawa har Indiya, kuma ƙasar Hausa tana cikin yankinsa.

Wannan jarumta ita ce ta rufe wa mutane ido, suna ganin babu abin da zai iya da shi. Rauninsa ba a fata yake ba, a haihuwa yake. Masu bincike biyu, Colleen Begg da Keith Begg, sun shafe shekaru suna bin dage a kudancin Kalahari a ƙarshen shekarun 1990. Abin da suka gano shi ne mace ɗa ɗaya take haifa, ita kaɗai take renonsa ba tare da taimakon namiji ba, tana ɗaukarsa a baki daga wannan rami zuwa wancan. Ɗan yakan kai wata 12 zuwa 16 a hannunta kafin ya iya ciyar da kansa, domin haƙa da hawan itace da kashe maciji duk koyo ake yi. Kusan rabin 'ya'yan ba sa kaiwa wannan matsayi. Ga kuma neman fili: a can namiji ɗaya yana yawo a ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 500, wato kamar kilomita 23 tsawo da 23 faɗi, mace kuwa sama da 100. A ƙasar da ta fi Kalahari albarka filin zai ragu, amma maganar ba ta canza ba. Dage ba shi da yawa ko a inda yake zaune lafiya, kuma ƙaramin gandun daji ba ya riƙe shi. Dole ya fito ya ratsa gonaki da rugage.

To, a yi lissafi. Mai amya ya ɗana tarko ya kama mace ɗaya. A wurinsa ɓarawon zuma ɗaya ya kashe. A gaskiya ya kashe ta, ya kashe ɗan da ke jiranta a rami, ya kuma bar ƙasar ƙauyuka da dama babu mai haihuwa, mai yiwuwa na shekaru. Hukumar IUCN, wadda ke riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ba ta sa dage cikin masu gab da ƙarewa ba, saboda faɗin yankinsa. Amma ta rubuta cewa yawansa raguwa yake. Dabba tana iya ƙarewa ƙaf a lardi guda alhali a takardar duniya tana nan lafiya lau.

Malam-buɗe-littafi kuwa lissafinsa a juye yake. Ƙwaro ne, jininsa ba ya ɗumama kansa, sai ya sha hantsi kafin ya iya tashi. Nau'insa a duniya ya haura 17,000, a Najeriya kaɗai sun fi 1,000, mafi yawa a kurmin Kuros Riba. Rayuwarsa hawa huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin ƙwanso, sannan mai fukafuki. Wannan na ƙarshe da muke gani muna sha'awa, yawanci mako biyu zuwa huɗu yake yi a duniya. Mace tana zuba ƙwai ɗaruruwa, ta tafi abinta, ba reno ba waiwaye. Daga cikin ɗari, idan ɗaya ko biyu sun kai ga tashi an yi sa'a. Sauran abincin tsuntsaye ne da zanzaro da gizo-gizo. Don haka yaron da ya kama goma ya ɗaura musu zare bai rage komai ba. Mutuwar ɗai-ɗai tana cikin tsarin halittarsa tun asali.

Inda yake da rauni shi ne baki. Babba yana shan ruwan zaƙin furanni iri-iri, amma tsutsarsa ganye ƙalilan take ci, wata ma ganye ɗaya tak. Uwar da ƙafafunta take ɗanɗana ganye kafin ta sa ƙwai, idan ba shi ba ne ta wuce. Duk wanda yake son ya gani da idonsa, ya je gindin tumfafiya bayan ruwa ya zauna, ya riƙa juya ganyen. Zai ga ƙwai fari-fari, bai kai ƙwayar gero ba, a manne shi kaɗai. A wani ganyen zai ga tsutsa mai zobba-zobba na baƙi da fari da rawaya, da 'yan zaruruwa shida a bayanta. Idan ƙarama ce, ya lura da dabararta: takan fara yanka da'ira a ganyen, ta bari farin ruwan nan mai danƙo ya tsiyaye, sannan ta ci tsakiyar. Gubar tumfafiya da ta shiga jikinta ba ta kashe ta, ajiye ta take yi. Cikin kamar wata guda za ta fito da fukafukai ruwan goro masu baƙin baki da ɗigon fari, na baya kuma farare, kamar yadda nau'in yake a Afirka ta Yamma, tana tashi a hankali ba ta tsoron kowa, domin tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana irinta ba ya marmarin ƙari. Haka kowane nau'i yake da nasa: farare da rawaya-rawaya da ke taruwa a laka a bakin rijiya suna tsotsar gishiri, wasu tsutsarsu tafasa da rai-ɗore take ci, wasu anza da jiga; babban nan mai baƙi da ɗigon rawaya kuwa na ganyen lemo ne.

Idan aka cire wannan ganye daga ƙasa, an gama. Ba a ganin jini, ba a ganin gawa, ba wanda za a nuna a ce shi ya kashe. Dage ana kashe shi ne da sani, ɗaya bayan ɗaya. Malam-buɗe-littafi kuwa kawai ba a haife shi ba ne a wannan shekarar, kuma tun da ba ya daɗewa a duniya, babu tsofaffin da za su jira shekara mai kyau. Damina biyu ko uku a jere ba ganye sun isa su share nau'i daga wuri.

Turawan Ingila sun koyi wannan darasi da tsada. Suna da wani shuɗin malam-buɗe-littafi mai ɗigon baƙi da ya riƙa raguwa tun ƙarni na 19. Kowa ya ɗora laifin a kan masu kama shi suna sokewa da allura suna adanawa a akwatin gilashi. Sai aka yi masa maganin da ake yi wa babbar dabba: aka killace wuraren da yake, aka hana mutane shiga. Shingen da ya hana masu kamu ya hana tumaki da shanu ma. Ciyawa ta yi tsawo, shi kuma ya ci gaba da ɓacewa, har a cikin shingen. A 1953 wata annoba ta faɗa wa zomayen ƙasar ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari, ga shi su ne sauran masu aske ciyawar tuddai. Daga nan abin ya ƙara sauri.

Wani matashin masani, Jeremy Thomas, shi ya zauna a wurin da ya rage na ƙarshe, a Dartmoor, cikin shekarun 1970, yana bin tsutsa ɗaya-ɗaya har ya warware ƙullin. Tsutsar takan yi kamar mako uku tana cin furen wani ɗan tsiro mai ƙamshi da ke shimfiɗe a ƙasa, sai ta faɗo. Tana fitar da wani ruwa da wari irin na 'ya'yan wata jar tururuwa ƙarama, tururuwar ta ɗauka ɗanta ne ya ɓata, ta kinkime ta zuwa gida. A can ƙarƙashin ƙasa za ta yi kusan wata 10 tana cinye 'ya'yan masu masaukinta, sannan ta fito da fukafuki. Jajayen tururuwa iri-iri ne a wurin, duk suna ɗaukar tsutsar, amma a gidan nau'i ɗaya kawai take rayuwa sosai. Wannan nau'in kuwa sai ƙasa mai ɗumi, wato inda ciyawa take gajeriya rana tana dukan ƙasa. Ciyawa ta ƙara 'yan santimita, ƙasa ta yi sanyi, tururuwar ta bar wurin, shi ke nan. Kafin a yi amfani da wannan sani lokaci ya ƙure: a 1979 aka bayyana cewa nau'in ya ƙare a Birtaniya. Sai daga tsibirin Oland na Suwidin aka sake kawo iri a farkon shekarun 1980, bayan an mayar da dabbobi kiwo a tuddan, kuma yanzu ya dawo da yawa. Shekara kusan hamsin ana gadin ƙofa, ɓarnar tana cikin tsawon ciyawa.

Ina so masu tsara ayyukan gandun daji da dashen itatuwa a ƙasashenmu su tsaya a nan su yi tunani. Ba kowane fili ne ake gyara shi da waya da korar makiyayi ba, kuma ba kowane kore ne rai ba. Layin darbejiya da turare yana tare iska, ba musu a kan wannan, amma baƙin itatuwa ne, mafi yawan tsutsotsinmu ba sa cin ganyensu. Abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980, na barin kututturen gawo da kalgo da sabara su toho a gona maimakon a tumɓuke su, ya fi kusa da abin da ake buƙata. An ƙiyasta wannan dabara ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da shinge ba.

A ɓangaren dage ma Ingila tana da labari, sai dai nata dagen daban ne da namu. Na Turai a dangi yake zama, cikin ramuka masu ƙofofi da yawa da ake gado kaka da kakanni, tana ce babban abincinsa, mace kuma takan haifi biyu ko uku wajen watan Fabrairu. An yi masa doka a 1973, aka ƙarfafa ta a farkon shekarun 1990 har ta hana taɓa raminsa. Dokar ta yi aiki, ya yawaita, domin matsalarsa kisa ce, aka hana kisan. Wannan shi ne maganin da ya yi wa dage aiki ya kasa yi wa shuɗin ƙwaron nan. Amma sai wata rigima ta taso: dagen yana ɗauke da tarin fuka na shanu, cutar da ke sa a yanka shanu sama da 20,000 kowace shekara a Ingila. Aka yi babban gwaji daga 1998 zuwa 2005 don a ga ko kashe shi zai rage cutar. Sakamakon ya ba da mamaki. A tsakiyar yankin da aka yi kisan cutar ta ragu, amma a gefensa ta ƙaru, domin waɗanda suka tsira sun watse suna yawo nesa da gida suna kai ta inda babu. Duk da haka a 2013 aka fara harbi da izinin gwamnati, kuma an kashe sama da 200,000 tun daga lokacin. A 2024 sabuwar gwamnati ta ce za ta kawo ƙarshen shirin. Masana har yau suna jayayya a kan ko ya yi amfani. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne ƙasar da take da ƙidaya da dakunan gwaji da kuɗi ta yi shekara da shekaru tana wannan tirka-tirka. Ina ga wanda ya zuba guba a mushe da daddare ya koma gida ya kwanta?

Wannan ita ce ɓarnar da ta fi gaggawa a wurinmu. Makiyayi ko mai kaji ya yi asara, ransa ya ɓaci, ya sayo maganin ƙwari na gona ya barbaɗa a kan mushen akuya don kura ko dila. Guba ba ta tambayar suna. Dage yana cin mushe, karen gari yana ci, shaho yana ci. Mun riga mun ga ƙarshen irin wannan hanya a kan ungulu: wadda a da ba a raba ta da mahauta da rufin kasuwa, yau yaro ɗan shekara goma a birane da yawa bai taɓa ganinta ba, kuma tun 2015 aka sa ta a jerin masu gab da ƙarewa a duniya. Guba da cinikin sassan jikinta don magani su ne manyan dalilai. Dage ma ana neman fatarsa da faratansa don irin wannan buƙata a sassan Afirka da dama. Ungulu ƙwai ɗaya take yi, dage ɗa ɗaya yake samu. Masu irin wannan haihuwa ba sa jure kasuwa.

Mai amya kuwa ba na raina kukansa. Mutum ya saƙa amyarsa, ya shafe ta, ya turara, ya hau itace ya ɗora, ya jira wata da watanni, ya zo da safe ya tarar da ita a ƙasa a farke, kaki a warwatse, ƙudan zuman sun yi hijira. Wa zai ce kada ransa ya ɓaci? Amma kisa ba ya kare amya ta gaba. Masu zuma a lardin Kef na Afirka ta Kudu sun daɗe suna kashe dage da tarkon ƙarfe da guba, ɓarna ba ta tsaya ba. Da aka zauna da su, sai aka ga maganin ƙarami ne: a ɗaga akwatin zuma kamar mita ɗaya daga ƙasa a kan ƙarfe mai santsi, a ɗaure murfin da gindin tamau. A farkon shekarun 2000 har tambari aka fito da shi da ake manna wa kwalbar zumar wanda ya bi wannan hanya, masu saye suna nemansa. A Gabashin Afirka kuma akwai masu rataye amya da waya daga reshe, ta yi lilo a sarari inda ba wurin dafawa. Wanda itacensa yake tsaye shi kaɗai zai iya naɗa masa fallen kwano a gindi, farce ba ya kama shi. Kuɗin waya da kwano bai kai na zumar amya ɗaya ba. Kuma kada a manta, dagen da aka bari da rai shi ne yake tone ɓerayen gona, yake rage macizan da ke sarar manoma lokacin girbi.

Ɓarnar da ake yi wa malam-buɗe-littafi ta fi wuyar tsayarwa, domin mai yin ta bai san yana yi ba. A duba Amurka. Ɗan'uwan malam-buɗe-littafin tumfafiyar nan tamu, wanda ke ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa duwatsun Meziko kowace shekara, tsutsarsa dangin tumfafiya kawai take ci. Da manoman masara da waken soya suka koma ga irin da ke jure maganin ciyawa na gilifoset a ƙarshen shekarun 1990, suka riƙa feshe gona gaba ɗaya, sai tsiron ya ɓace daga miliyoyin hekta. A Meziko ana auna yawan ƙwaron ne da faɗin dajin da ya lulluɓe lokacin sanyi: a hunturun 1996 zuwa 1997 ya haura hekta 18, a na 2013 zuwa 2014 ya faɗo ƙasa da hekta ɗaya, a na 2023 zuwa 2024 ma haka. Sare daji da sauyin yanayi suna da nasu kaso, amma ba wanda ya fita da nufin kashe shi. Wani nazari da aka buga a 2025 ya nuna malam-buɗe-littafi na kowane iri ya ragu da kashi 22 cikin ɗari a Amurka tsakanin 2000 da 2020. A Jamus kuma, a 2017, aka nuna nauyin ƙwari masu tashi ya faɗi da sama da kashi 75 cikin ɗari a shekara 27, kuma a cikin wuraren da aka keɓe aka auna, ba a gonaki ba.

Yanzu hanyar ce muka hau. Maganin ciyawa ya shiga kowace kasuwar ƙauye, kuma ba abin mamaki ba ne, ya fi kuɗin 'yan ƙwadago sauƙi. Maganin tsutsa ma ba a iya cewa manomi ya bar shi: tun 2016 da tsutsar masara ta shigo Afirka, a shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatirin Kaduna da Kano, mutane suka ga tashin hankali. Waɗannan biyun 'ya'yan ƙwari ne masu tashi da dare, dangin malam-buɗe-littafi na nesa, kuma sun shafa wa kowace tsutsa baƙin jini. Ba feshin gona nake ƙorafi a kai ba, abin da ya wuce gona nake nufi. Ɗan feshi ya gama aikinsa, saura ya rage a jarka, sai ya bi iyakar gona da shi, ya bi gefen burtali, ya wanke famfon a kududdufi. Ana feshe gefen hanya, filin makaranta, bayan gida, har maƙabarta. Saurar da a da ake bari ta huta ta ƙare, fadama ta zama lambu har bakin ruwa. Waɗannan 'yan tsirin wurare su ne kaɗai suka rage wa tafasa da tumfafiya da furannin daji. Idan rani ya yi kuma, masu neman gafiya su cinna wa daji wuta lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, ta cinye ƙwanson da ke jiran damina, ta kori abincin dage.

Ba zan yi wa manomi ƙarya in ce malam-buɗe-littafi ne ke riƙe da amfanin gonarsa ba. A wajen barbarar furanni ƙudan zuma da danginsa sun fi shi aiki nesa ba kusa ba. Amma fure ɗaya suke sauka, feshi ɗaya yake samunsu, shi kuwa da rana tsaka yake yawo da launinsa, kowa yana iya lura idan ya ragu. Idan ya yi ƙaranci a gonarka, to ka bincika lafiyar sauran. A Burkina Faso an gwada, aka buga sakamakon a 2017: auduga da riɗin da ƙudan zuma suka ziyarta sun fi waɗanda aka hana su ziyarta yabanya da abin da ya kai kashi 62 cikin ɗari. Manomin riɗi a Jigawa da ke feshi da hantsi, fure a buɗe, aljihunsa yake feshewa. Yamma liƙis, iska ta kwanta, ƙwari sun koma, shi ne lokacin.

Abin kuma bai tsaya a kanmu ba. Akwai nau'in malam-buɗe-littafi da ke tasowa daga Turai a ƙarshen bazararsu, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya sauka a yankinmu daidai ƙarshen damina ya hayayyafa. Masana biyu, Gerard Talavera da Roger Vila, sun bi sawunsa a 2014 suka same shi yana haihuwa a Chadi da Benin da wasu ƙasashen yankin. Jikokinsa ne suke komawa arewa, zagayen da ke kai kilomita 12,000 zuwa 14,000. Ciyawar da aka ƙone ko aka feshe a nan zango ce a wannan doguwar hanya.

Saboda haka roƙon kashi biyu ne, kada a gauraya su. Sarakunan baka da shugabannin mafarauta da arɗo-arɗo, naku na dage ne: a hana guba a mushe, a hana tarko a gindin amya, wanda ya ga rami da sabon sawu ya wuce. Sarakunan noma da malaman gona da masu sayar da magani, naku na ganye ne: a bar taku uku ko huɗu a iyakar gona ba feshi, a bar gamba da tumfafiya da anza a tsaye, idan ƙuna ta zama dole a yi ta da wuri kuma yanki-yanki. Masu unguwanni su sa baki a duka biyun, domin maganarsu ta fi takardar birni isa daji.

Akwai kuma aikin da ba ya cin ko kwabo, wanda rashinsa ne ya sa muke tafiya a duhu. Alƙaluman da na kawo na wasu ƙasashe, mutane ne suka tara su da ƙafa da fensir. A Birtaniya tun 1976 masu sa kai suke bin hanya ɗaya kowane mako, daga Afrilu zuwa Satumba, suna ƙirga duk malam-buɗe-littafin da ya gifta kusa da su. Mu ba mu da irin wannan kundi, don haka ranar da wani nau'i zai ƙare a Katsina ko Tawa, ba mai shaidar da zai ce da yana nan. Malaman kimiyya na makarantun sakandare, da ku nake. Ku zaɓi hanya ɗaya ta kilomita guda a bayan makaranta, ku fita da ɗalibai sau ɗaya a mako da hantsi, daga saukar ruwa har kaka. Ku tambayi tsofaffin mafarautan garin yaushe rabonsu da ganin dage, a wane daji, ku rubuta. Ku fara da damina mai zuwa, ku sa rana da wuri da adadi, ku ajiye littafin inda wanda zai gaje ku zai same shi.